Gasar Tanis ta Paris da Ake Yi a Rufaffen Zaure: Daga Ina Ta Faro, Me Ya Sa Ta Gagari Nadal?

Tambaya: Wani mai bibiyar wasan tanis ya aiko yana cewa: "Na san gasar Roland Garros da ake yi a Paris daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. To amma duk ƙarshen shekara sai in sake jin ana wata gasa a Paris, a cikin rufaffen zaure. Gasa ɗaya ce aka raba biyu, ko kuwa daban take? Yaushe aka fara ta? Kuma yaya aka yi Rafael Nadal, da ya ɗauki kofi 14 a wannan birni, bai taɓa ɗaukar wannan ba?"

Amsa: Malam, sannu da wannan tambaya. Gasa biyu ce, kowacce da tarihinta, ko da yake mai su ɗaya ne, wato Hukumar Tanis ta Faransa. Roland Garros tana cikin manyan gasanni huɗu na duniya. Mako biyu ake yi ana buga ta a fili, a kan jar ƙasa, maza da mata. Wadda ka ji labarinta a ƙarshen shekara kuwa ta maza ce zalla, mako ɗaya ake yi, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a ƙarƙashin rufi. Sunanta a yau Rolex Paris Masters, amma tsofaffin masu kallo har gobe Bercy suke ce mata, sunan unguwar da ta shafe kusan shekara 40 a cikinta. Tana cikin gasanni tara na ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, da ake ba wanda ya lashe maki 1000, kuma a cikin taran nan ita kaɗai ce ake bugawa a rufe.

Abu biyu ne suka ƙera halin wannan gasa: rufin da ke kanta, da kuma lokacin da take zuwa a shekara. Duk wanda ya riƙe waɗannan biyun zai gane dalilin da ya sa jerin zakarunta ya bambanta da na sauran, zai kuma gane matsalar Nadal.

Buga ƙwallo a cikin ɗaki tsohon abu ne a Faransa. Kakan tanis ɗin da muka sani wani wasa ne da sarakuna da attajiran ƙasar suka daɗe suna yi a cikin dogayen zauruka. A irin wannan zaure ne ma, a Versailles, wakilan jama'a suka taru ranar 20 ga Yuni 1789 suka yi rantsuwar da ta zama ɗaya daga cikin matakan farko na juyin juya halin Faransa. Da tanis na zamani ya bazu daga Ingila, sanyin hunturun Turai da ruwan samansa suka tilasta wa 'yan wasa neman rufi daga Oktoba har zuwa bazara.

Gasar da kake tambaya a kanta ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1960, bayan da a 1968 aka buɗe ƙofa ga ƙwararru masu karɓar kuɗi su riƙa karawa da kowa. Gidanta na farko shi ne zauren Pierre de Coubertin, a yammacin birnin, ba nisa da Roland Garros, zaure ne da bai ɗaukar fiye da mutum dubu huɗu da ɗoriya. Tom Okker ɗan Holan ya ci a 1969, ya sake ci a 1975. Arthur Ashe ya ci a 1970, Stan Smith a 1972, Ilie Nastase na Romaniya a 1973, shekarar da ya haɗa da Roland Garros. A riƙe sunan Ashe, domin yana da hannu a tarihin tanis na Faransa ta wata hanyar. A 1971, yana rangadi a Afirka, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo a Yawunde ta Kamaru, ya yi wa Faransawa maganarsa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda daga baya ya zama gwarzon tanis na Faransa.

Wannan zango na farko bai yi ƙarko ba. Zaure ƙarami, kuɗin lada kaɗan, manyan 'yan wasa suka riƙa zarcewa wasu wurare. Bayan da Wojtek Fibak na Polan ya ci a 1982 sai gasar ta tsaya, shekara uku cur ba a yi ta ba.

Gini ne ya farfaɗo da ita. A 1984 birnin Paris ya buɗe katafaren zauren wasanni a unguwar Bercy, a bakin kogin Sen, mai siffar dala, an shuka ciyawa a jikin bangonsa na waje. Yana ɗaukar kimanin mutum 15,000 a ranar tanis. A 1986 aka dawo da gasar can, da kuɗi masu kauri, aka shimfiɗa kafet a ƙasa. Wanda ya fara ɗaukar kofin a sabon gida shi ne Boris Becker na Jamus, yana ɗan shekara 18. Abin da ya yi a wancan lokacin har yanzu ana ba da labarinsa: kofi uku cikin mako uku a nahiyoyi uku, Sidni, Tokiyo, sannan Paris. Ya sake ci a 1989 da 1992.

Bari in tsaya kan kafet ɗin nan, don wanda ya fara kallon tanis bayan 2010 bai san shi ba. Shimfiɗa ce ta roba ko ta zare da ake naɗowa a baza a kan daɓen zaure, a naɗe bayan an gama. Masu zauruka suna son ta saboda yau a yi tanis, jibi a yi wani taro. Amma ƙwallo idan ta sauka a kanta ba ta tashi sama, sulɓewa take yi ƙasa-ƙasa da gudu. Ka haɗa wannan da rashin iska da rashin rana. A fili, mai bugun buɗe wasa, wato sabis, yana jefa ƙwallo sama iska ta karkatar da ita, ko rana ta shige masa ido. A zaure kuwa inda ya jefa nan za ta sauko, sau ɗari in ya ga dama. Saboda haka mai ƙarfin sabis yakan saki hannunsa ba tsoro, ya buga, ya ruga gaban raga ya tare abin da ya dawo, magana ta ƙare cikin bugu biyu ko uku. Dubi waɗanda suka ci a wancan zamanin: Becker, Stefan Edberg a 1990, Goran Ivanisevic a 1993, Pete Sampras a 1995 da 1997, Greg Rusedski a 1998. Duk masu wannan salo ne. Andre Agassi ne ya fita daban, ya ci a 1994 da 1999 daga bayan fili, shi ma don babu wanda ya kai shi iya mayar da sabis a zamaninsa. Marat Safin na Rasha ya zo ya ci uku, a 2000 da 2002 da 2004, ya kamo Becker.

A 1990 ne ATP ta karɓi ragamar gasannin maza ta ware tara a matsayin mafiya daraja, Paris na ciki. A lokacin tana da abokiyar zama a rufe: da farko Stockholm, sai Essen shekara ɗaya, sai Stuttgart, sai Madrid daga 2002. A 2009 aka mayar da Madrid kan jar ƙasa a watan Mayu, aka ba Shanghai gurbinta na kaka, ita kuwa a fili ake buga ta. Tun daga ranar Paris ta rage ita kaɗai.

Kafin nan ma an riga an sauya mata kama. A 2007 aka naɗe kafet aka koma daɓe mai tauri, wanda ake shafa wa fenti mai haɗe da yashi, yawan yashin ne ke rage wa ƙwallo gudu. A wannan shekara kuma aka rage wasan ƙarshe daga turmi biyar zuwa turmi uku. Hujjar masu mulkin wasan ita ce mutane sun gaji da kallon sabis ba musayar ƙwallo, kuma ana kukan rauni. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a ganina an yi asara. Darajar tanis tana cikin bambancin filayensa, a ga wanda ya iya jar ƙasa ya zo ya sha wuya a zaure, wanda ya iya zaure ya je ya sha wuya a jar ƙasa. Da aka rage wa ko'ina gudu, sai salon zuwa gaban raga ya kusa ɓacewa, aka wayi gari yara masu tasowa ba su ga dalilin koyonsa ba. A 2010, da masu shirya gasar suka ƙara wa daɓen sauri, an ga wasanni masu daɗi ƙwarai. A shekarar ce Gael Monfils ya tsallake rijiya da baya sau biyar a hannun Roger Federer a wasan kusa da na ƙarshe, sau biyar maki ɗaya ya rage a fitar da shi, ya juya wasan ya ci, kafin Robin Soderling na Suwidin ya doke shi washegari.

Yanzu batun lokaci. Kakar tanis tana farawa a Janairu a Ostareliya. Kafin a iso Paris ɗan wasa ya yi wata goma yana yawo tsakanin nahiyoyi, gwiwa da kafaɗa da baya duk sun gaji. Bayan Paris kuma sai gasar rufe shekara, wadda mutum takwas mafiya maki kaɗai ke shiga, da a Landan ake yi, tun 2021 kuma a Turin ta Italiya. Don haka mutum iri biyu ke haɗuwa a wannan mako. Akwai manya waɗanda tuni sun samu gurbi, hankalinsu na kan mako mai zuwa, suna tattalin jiki. Akwai kuma masu neman gurbi na bakwai ko na takwas, da waɗanda ba su da abin asara, su kuwa da yunwa suke zuwa. Kamar kasuwar yamma ce: babban ɗan kasuwa ya yi ciniki ya fara tattara kaya, mai sauran kaya a gabansa shi ne ke ɗaga murya.

Wannan shi ya sa tarihin gasar ya cika da mutanen da a nan suka ɗauki babban kofinsu na rayuwa. Tim Henman na Birtaniya a 2003, bayan ya doke Federer da Andy Roddick. Tomas Berdych a 2005, yana ɗan shekara 20. David Ferrer a 2012, shekarar da aka manna Paris da gasar Landan ba ko mako ɗaya a tsakani, Federer ya janye, Novak Djokovic ya faɗi a wasansa na farko, wani dogon saurayi ɗan Polan mai suna Jerzy Janowicz ya taso daga wasannin share fage ya doke Andy Murray har ya kai wasan ƙarshe. Jack Sock na Amurka a 2017 ya fi kowa ban mamaki. A wasansa na farko Kyle Edmund yana gabansa da 5 da 1 a turmin ƙarshe, ya farfaɗo ya ci, ya ɗauki kofi, ya tsallake mutane da yawa ya samu gurbin ƙarshe na zuwa Landan. Karen Khachanov ya ci a 2018. Holger Rune na Denmak kuwa, a 2022, yana ɗan shekara 19, ya wuce mutum biyar da ke cikin goman farko na duniya a jere, na ƙarshensu Djokovic.

Wasu na kallon wannan jeri su ce gasar ba ta da nauyi. Ban yarda ba. Sau da dama a wannan zaure ake yanke hukuncin wanda zai zama lamba ɗaya a duniya. A 1998 Sampras ya yi ta buga gasanni a Turai mako bayan mako don ya rufe shekara ta shida a jere yana kan gaba, ya iso wasan ƙarshe a Bercy a gajiye, Rusedski ya doke shi, amma makin da ya tara ya taimaka masa ya cimma burinsa. A 2016 a nan Murray ya hau lamba ɗaya, ɗan Birtaniya na farko tun da aka fara jadawalin a 1973, bayan Marin Cilic ya fitar da Djokovic, Milos Raonic kuma ya janye saboda rauni. A 2021 a nan Djokovic ya tabbatar da rufe shekara a kan gaba karo na bakwai, ya wuce Sampras.

Djokovic shi ne ya karya ƙa'idar gajiyar nan. Kofi bakwai ya ɗauka: 2009, 2013, 2014, 2015, 2019, 2021 da 2023. Sirrinsa a bayyane yake. Yana tsayawa kusa da layi, ya tari ƙwallo tun tana tasowa, kuma a wurin da iska ba ta taɓa ƙwallo, mai irin idonsa ba ya kuskuren lissafi. Ga shi kuma ya iya tattalin jiki, yakan iso Nuwamba da sauran ƙarfi. Wasansa da Federer a kusa da na ƙarshe a 2018, wanda ya ɗauki kimanin awa uku ya ƙare 7-6, 5-7, 7-6, yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a Bercy. Shi Federer sau ɗaya tak ya ci, a 2011, duk da ƙwarewarsa a zaure. Dalili shi ne gasar garinsu, Basel, tana zuwa daf da Paris, can yake zuba ƙarfinsa, ya ci ta sau goma, sannan sau da yawa ya huta ko ya iso a gajiye.

To, ga maganar Nadal. Makaminsa shi ne bugun da ke murza ƙwallo tana juyi da ƙarfi. A kan jar ƙasa, cikin zafin rana, irin wannan ƙwallo tana cizon ƙasa ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa ko sama da haka, inda ba a iya dukanta da ƙarfi. Ƙasar kuma tana ba shi lokaci ya ja da baya, ya zame, ya kamo kowace ƙwallo. A zaure duk wannan ya ragu. Ƙwallon tana tsayawa daidai ƙugu, inda mai bugu miƙaƙƙe yake son ta, kuma babu iska ko rana da za su rikita abokin hamayya. An ga haka ƙarara a 2007, karo ɗaya tilo da ya kai wasan ƙarshe: David Nalbandian na Ajantina ya doke shi 6-4, 6-0. Nalbandian a wannan kaka ya doke Federer da Nadal duka a Madrid, ya zo ya maimaita a Paris.

Sai kuma jiki. Salon Nadal yana cin gwiwa, kuma yakan ƙarar da mafi yawan ƙarfinsa daga Afrilu zuwa Satumba. A 2008 ya bar wasa ana tsaka da yi saboda gwiwa. A 2017 ya janye bayan ya buga wasanni biyu, gwiwar ce dai. A 2018 ya janye kafin ya fara, a 2019 kuma ya janye daf da wasan kusa da na ƙarshe, duka biyun ciwon tsokar ciki. Wasu shekarun bai zo ba sam. Matsalar ba ta tsaya a Paris ba: gasar rufe shekara ma bai taɓa cin ta ba, kuma cikin kofuna 92 da ya ɗauka, ɗaya ne kawai a kan daɓe mai tauri a rufe, na Madrid a 2005. Amma yana da abin tunawa a Bercy. A nan ya ci wasansa na 1000, a kan Feliciano Lopez, a Nuwamban 2020, cikin zauren da babu ɗan kallo ko ɗaya saboda annobar korona.

Rashin 'yan kallo a ranar ya yi zafi, domin jama'ar Bercy su ne rabin gasar. Ba su da kawaicin masu kallon Wimbledon. Suna ihu, suna waƙa, suna yi wa wanda ya ɓata musu rai sowa, rufin kuma yana mayar da ƙarar kan 'yan wasa. Faransawa uku ne suka ɗauki kofin a gabansu. Guy Forget a 1991 ya doke Sampras a turmi biyar, bayan wata ɗaya kuma shi da Henri Leconte suka ci wa Faransa kofin Davis, wato gasar tanis ta ƙasashe, a Lyon, karo na farko tun 1932, kuma kyaftin ɗinsu shi ne Noah, yaron nan na Yawunde. Sai Sebastien Grosjean a 2001, sai Jo-Wilfried Tsonga, wanda mahaifinsa ɗan Kongo ne, a 2008.

Duk da wannan farin jini, zauren ya yi wa gasar kaɗan. Babban filin ba laifi, amma ƙananan filayen matsattsu ne, rufinsu ƙasa-ƙasa, don haka ake cusa wasanni da yawa a babban fili har dare ya raba. A 2023 Jannik Sinner ya gama wasa da ƙarfe 2:37 na dare, aka sa shi ya sake fita da yammacin wannan rana, ya ce ba zai iya ba, ya janye. Abin kunya ne ga gasa mai wannan matsayi, kuma 'yan wasa sun fito sun faɗa. A lokacin kuma sauran gasannin ajinta suna ta faɗaɗa zuwa kwana 12 da 'yan wasa 96. Paris da Monte Carlo ne kaɗai suka rage a mako ɗaya. Hukumar Faransa ta ga idan ba ta motsa ba, matsayin gasar na iya shiga haɗari. Alexander Zverev ne ya ɗauki kofin ƙarshe a Bercy a 2024, ya doke ɗan gida Ugo Humbert.

Daga 2025 aka koma zauren La Défense da ke Nanterre, yamma da birnin, bisa yarjejeniyar shekara goma. An gina shi ne a matsayin gidan wata ƙungiyar zari-ruga, kuma nan aka yi gasar ninƙaya a wasannin Olamfik na 2024. Babban filinsa yana ɗaukar kimanin mutum 17,500, ga sauran filaye a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wanda ya fara ɗaukar kofin a can shi ne Sinner ɗin da aka hana barci shekara biyu kafin nan. Ya doke Felix Auger-Aliassime na Kanada, wanda mahaifinsa ɗan Togo ne, ya kuma karɓe lamba ɗaya daga hannun Carlos Alcaraz a wannan mako. Ƙaurar ta zama dole, na yarda. Fatana ga masu shiryawa shi ne kada su rage wa daɓen gudu, kada kuma su miƙar da gasar zuwa kwana 12. Tunda ita kaɗai ta rage a rufe cikin tara, a bar ta ta zama wurin da mai sabis da mai zuwa gaban raga za su samu rabonsu.

Idan za ka kalla bana, malam, kada ka jira wasan ƙarshe. Fara daga Laraba da Alhamis, ka sa jadawalin masu neman gurbin Turin a gabanka, domin a nan ne wasa ɗaya ke iya sauya wa mutum shekararsa. Lokaci ma ba zai ba ka wahala ba: bayan Turawa sun mayar da agogonsu baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ƙarfen Paris da na Kano da na Yamai duk ɗaya ne.